JITAR BES, DA YADDA A KE BIN SAWUN CIWON KAYAN KIƊA

 Tun ran da na komo daga hutu da wata doguwar jaka a baya, waɗansunku ba su bar ni na huta da tambaya ba. Wani ya ce bindiga ce, wani ya ce molon Turawa ne. To, na biyun ya fi kusa da gaskiya. Jita ce, irin wadda a ke kira bes. Da ita na ke kiɗa cikin wata 'yar ƙungiya tamu ta mutum shida a garinmu Karu, kuma da ɗan abin da na ke samu wurin bukukuwa na ke cika kuɗin makaranta. Da Edita ya ce in rubuta wani abu cikin shafin Hausa, sai na ga gara in ba ku amsa gaba ɗaya. Zan faɗi abin da bes ta ke, sa'an nan in bayyana abin da ya fi kaɗa ta wuya, watau gano inda ciwo ya ke sa'ad da kaya suka ƙi aiki ana tsakiyar biki.

Karu dai, ga wanda bai sani ba, tsohon garin Gbagyi ne, gabas da birnin Abuja, maƙwabcin Nyanya. Tun da aka keɓe ƙasar Babban Birnin Tarayya cikin 1976, balle da Gwamnati ta taso daga Ikko cikin 1991, sai garin ya cika ya batse da baƙi. Saboda haka da wuya Asabar ta wuce ba biki, kuma tilas makaɗi ya iya hannu da yawa, gama a biki guda sai a nemi waƙar Gbagyi, a nemi ta Hausa, a nemi hailaif, a kuma nemi makosa ta Kamaru. Mu kan yi wasa a Karu da Jikwoyi da Kurudu, wani lokaci har mu ƙetara Mararaba cikin Jihar Nasarawa. Ba mu ne farau ba a Arewa. Tun cikin shekarun 1970 marigayi Bala Miller ya ke da ƙungiyarsa a Kaduna, suna rera waƙoƙin Hausa da jita da ƙahonin Turawa. Mu 'yan baya ne ƙwarai.

Ni cikin mawaƙan majami'armu na fara, a layin masu babbar murya, inda aka koya mana do, re, mi. Da na ɗauki bes sai na iske aikin guda ne, sai dai yanzu yatsa ke yi maimakon maƙogwaro. Tana da tsirkiya huɗu masu kauri, na ƙarfe, tsawon wurin da ke kaɗawa inci 34. Sunansu E, A, D, G. Mafi kaurin, in an taɓa ta, ta kan yi rawa wajen sau 41 cikin daƙiƙa guda, mai bi mata sau 55, ta uku sau 73, ta huɗu sau 98. Kunnen ɗan Adam kuwa daga wajen sau 20 ya ke fara ji. Kun ga ke nan muryar bes tana can ƙasa kusa da iyakar ji, shi ya sa mutum ya kan ji ta a ƙirjinsa kamar yadda ya ke ji da kunne. A dā Turawa da wata ƙatuwar goge ta katako su ke wannan aiki, wadda ta kai tsawon mutum, ga wuyar ɗauka, ga shi ganguna su kan danne muryarta. Cikin 1951 wani Ba'amurke mai suna Leo Fender, a Jihar Kalifoniya, ya fitar da bes mai aiki da lantarki wadda a ke ratayawa a kafaɗa, ya sa mata suna Precision Bass. Daga nan ta bazu ko'ina cikin duniya.

Aikin mai bes shi ne ya ɗaure ganga da waƙa wuri guda. Kunnensa ɗaya yana kan babbar gangar da a ke bugawa da ƙafa, ɗayan yana kan mai waƙa. Yawancin waƙoƙin da mu ke yi a kan do da fa da so su ke zaune, kuma shi ne ke gaya wa sauran lokacin da za a tashi daga wannan a koma wancan. Kamar harsashin gini ya ke. Ban taɓa jin wanda ya komo daga biki ya ce bes ta yi daɗi ba, amma ran da ta yi shiru sai ka ga masu rawa sun tsaya suna duban juna, ba su san abin da ya ɓace ba.

To, kafin mutum ya iya gyara, sai ya san hanyar da murya ke bi. Bes ba ta da ƙoƙo kamar garaya ko gurmi, itace ne daskararre, in ba wuta da ƙyar na kusa da kai zai ji ta. Ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maganaɗisu wanda aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai, muna ce masa fikof. In tsirkiya ta yi rawa a bisansa, sai wata 'yar wuta ƙanƙanuwa ta taso cikin wayar, tana rawa daidai da tsirkiyar. Wannan 'yar wuta ta kan bi ta maɓallan ƙara murya, ta fita ta ramin da ke gindin jitar, ta bi doguwar waya zuwa amfilifaya. Aikin amfilifaya shi ne ya ƙara mata ƙarfi, sa'an nan ya miƙa wa lasifika, ita kuwa ta tura iska gaba da baya har kunne ya ji. In taro babba ne, a kan ja reshe guda zuwa wani akwati mai maɓallai da yawa, watau miksa, inda muryoyin dukan kaya ke haɗuwa kafin su tafi manyan lasifikoki.

Wanda ya taɓa ban ruwa a lambu ya riga ya gane. Ruwa ya kan taso daga rijiya, ya bi magudana, ya shiga fangali. In fangali ya bushe, mai lambu ba ya sake haƙa rijiya. Sai ya bi magudanar da ƙafa har ya iske inda ta toshe ko ta fashe. Hakanan mu ke yi, kuma muna da doka uku. Ta fari, ka fara da abin da ya fi sauƙi da araha. Ta biyu, ka raba hanya biyu, ka gane ko ciwon yana gaba ko yana baya. Ta uku, kada ka sāke abu biyu a lokaci guda, gama in murya ta komo ba za ka san wanne ne mai laifi ba, gobe kuwa sai ya sāke kunyata ka.

Bari in ba ku misali da abin da ya same ni. Cikin watan Disamba na bara muna wasa a wani bikin aure a Karu, an kafa rumfuna a fili, jama'a ta cika. Ana cewa ga ango da amarya nan za su shigo, na taɓa tsirkiya, shiru. Na sāke taɓawa, shiru. Madugunmu ya juyo ya dube ni, irin duban da ba ya bukatar magana, gama rabin kuɗinmu kaɗai aka ba mu, sauran sai an tashi lafiya. Mai piyano ya ce, "Amfilifaya ya ƙone, a hau babur a aro wani a Nyanya." Wanda ya san cunkoson hanyar Nyanya ran Asabar ya san kafin a komo an watse. Na ce wa madugu, "Yaya, a ba ni minti uku, ganga ta riƙe su."

Na duba 'yar fitilar amfilifaya, tana ci, ashe wuta tana zuwa. Na rage murya, na zare waya daga jikin jita, na taɓa bakinta da babban yatsa, sai lasifika ta ce "buuu". Wannan ƙara ta gaya mini abu uku a lokaci guda: waya lafiya, amfilifaya lafiya, lasifika lafiya. Saura jita kaɗai. Tawa irin mai ɗan batir ce a ciki, mai bolt 9, kuma irin waɗannan, muddin waya tana soke a jikinsu, batir yana ci ko ba a kiɗa. Sai na tuna tun daren Alhamis da muka gama gwaji ban zare wayar ba. Na ciro sabon batir daga jaka na sa, murya ta komo kafin amarya ta kai tsakiyar fili. Ba wanda zan ɗora wa laifi sai kaina. Da mun bi shawarar farko, da mun ɗauko amfilifaya daga Nyanya mun iske shiru yana nan yana jiranmu.

Ban da shiru, akwai ciwo iri huɗu da mu kan gamu da su, kowanne da irin kukansa.

Na fari, ƙaras-ƙaras, murya tana zuwa tana yankewa. Mafi yawa waya ce ta karye daga ciki, kusa da kanta, inda a ke yawan tanƙwara ta. Ka girgiza ta kaɗan-kaɗan daga wannan kai zuwa wancan, inda ƙarar ta tashi nan ne. In kuwa sai an murɗa maɓalli ƙarar ke tashi, ƙura ce ta shiga, aikin hunturu ke nan. Maganin na farkon dalma da ƙarfe mai zafi a gida, a wurin biki kuwa sai a sa wata waya. Rigakafinsa, ka zagaya da waya ta cikin maratayin jita kafin ka soke ta, domin in wani ya taka kada ta fizge.

Na biyu, tsuwwa mai huda kunne. Wannan makirufo ne ya ji muryar da lasifika ta fitar, ya mayar mata, ita kuma ta ƙara ta sāke fitarwa, suna ta zagayawa kamar kare mai bin wutsiyarsa. Kada a rufe kan makirufo da tafin hannu, ƙara ta a ke yi. A rage muryarsa a miksa, a sa manyan lasifikoki gaba da mawaƙa suna duban jama'a, mai waƙa kuma ya kawo bakinsa kusa domin kada a bukaci ƙara masa murya da yawa.

Na uku, murya ta dushe, ko amfilifaya ya yi zafi ya ɗauke da kansa. Kowace lasifika tana da nauyin da ta ke ɗora masa, ana auna shi da om, kuma abin mamaki ƙaramar lamba ita ce babban nauyi. In ka jona lasifika biyu masu om 8 gefe da gefe, sun zama om 4. In ka ƙara ta uku, sun kasa om 3. A bayan kowane amfilifaya an rubuta iyakar abin da zai iya ɗauka, yawanci om 4. Wanda ya wuce wannan ya yi wa jaki kayan raƙumi. Har wa yau a lura, wayar jita dabam, wayar lasifika dabam, ko da ya ke sau da yawa kawunansu iri ɗaya ne. Ta jita siririya ce a ciki, da rigar tagulla mai tsare ta daga hayaniya. Ta lasifika kuwa jijiya biyu ce masu kauri. In ka sa ta jita a wurin ta lasifika sai ta yi zafi, in ka sa ta lasifika a wurin ta jita sai gunji ya cika wuri.

Na huɗu shi ne gunjin nan, "zuuu", wanda ba ya yankewa. Wutar lantarki ta ƙasarmu bolt 230 ce, tana kai da komowa sau 50 cikin daƙiƙa, kuma ita ce ka ke ji in ta sato hanya ta shiga cikin murya. Ga mai bes abin ya fi ciwo, gama G ta ƙasa a kan babbar tsirkiya sau 49 ta ke rawa, sai su yi ta faɗa da juna. Wani lokaci fikof ne ke kwaso shi daga doguwar fitila ko abin cajin waya da ke kusa, in ka matsa ko ka juya sai ya ragu. Amma in gunjin bai taso ba sai da aka haɗa amfilifaya da miksa, to, kowannensu ya sha wuta daga soket dabam, 'yar wuta tana zagayawa tsakaninsu ta jikin wayar murya. Magani shi ne a ba su wuta daga wuri guda, ko kuwa a sa wani ɗan akwati tsakaninsu wanda a ke kira DI, mai maɓallin da ke yanke wannan zagaye ba tare da an taɓa wayar wuta ba.

A nan ne na ke so ku kasa kunne da kyau, gama maganar rai ce. Filogi mai ƙafa uku yana da waya uku a ciki. Mai ruwan ƙasa-ƙasa ita ke kawo wuta, shuɗiya ita ke mayarwa, ta uku mai kore da rawaya ita ce wayar ƙasa. Wannan ta ukun a haɗe ta ke da jikin ƙarfen amfilifaya. Kullum zaune ta ke ba aiki, sai ran da wani abu ya lalace a ciki wuta ta taɓa jikin ƙarfen, sa'an nan ta kwashe wutar ta kai ƙasa, fis ya ƙone, mutum ya tsira. To, in an cire ta gunji ya kan yi shiru nan da nan, shi ya sa masu gaggawa ke son cire ta. Amma ku sani, tsirkiyoyin bes a haɗe su ke da jikin amfilifaya ta cikin wayar jita. Ran da wuta ta ɓalle, ba wayar ƙasa, mai bes yana riƙe da tsirkiya ya kai baki ga makirufo, to, shi ne ya zama wayar ƙasa, ta ƙirjinsa za ta bi. Cikin 1972 wani makaɗin jita mai suna Leslie Harvey ya mutu a kan dandamali a garin Swansea na ƙasar Wales, gaban 'yan kallo, da ya taɓa makirufo wanda ba a haɗa shi da ƙasa ba. Cikin 1976 kuma wani mawaƙin Ingila, Keith Relf, wuta ta kashe shi a gidansa yana kaɗa jita.

Na ga bakin wannan rami da idona. A wani biki da damina, masu biki suka yi hayar manyan lasifikoki daga wani dattijo, gunji ya tashi. Sai na ga ya kwance filogi da sukudireba ya zare mai kore da rawayan. Na ce, "Baba, don Allah a mayar da wayar nan, ina da akwatin da zai kashe gunjin." Ya ce, "Kai yaro, tun ba a haife ka ba na ke wannan aiki." Na yi shiru don kunya, kuma shirun nan kuskure ne. Ba a jima ba mai waƙarmu ta kai leɓe ga makirufo, ƙafarta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ta yi tsalle da baya tana riƙe da baki. Allah ya kiyaye, abin ya tsaya a nan. Madugu ya tsai da kiɗa, ya ce ba mai sāke taɓa kome sai an mayar da wayar. Aka auna da mita, aka iske wuta tana yoyo a jikin wani tsohon amfilifaya cikin na hayar, aka fitar da shi, muka ƙarasa da sauran. Tun daga ran nan ba na jin kunyar kowa a kan wayar ƙasa. Girmama babba wajibi ne, amma wuta ba ta san babba ba.

Saboda haka ga abin da mu ke yi yanzu. Kafin a fara, na kan sa mita tsakanin tsirkiya da kan makirufo in ga ko akwai wuta. Ba a gwadawa da leɓe ko da harshe. Mun sa mai gyaran wuta wanda ya san aikinsa ya haɗa mana akwatin rarraba wuta, da na'urar da ke yankewa da kanta in yoyo ya kai miliamfa 30. Ba mai wasa ba takalmi a kan danshi. Ba mai buɗe cikin amfilifaya sai gwani, gama akwai abubuwa a ciki masu riƙe wuta ko bayan an zare filogi. In kuwa, Allah shi kiyaye, wuta ta kama wani, kada ka taɓa shi da hannu. Ka kashe inji ko ka zare filogi, in ba hali ka ture shi da busasshen itace, sa'an nan a gaggauta kai shi asibiti.

Saura maganar janareta, tun da ya ke yawancin wasanmu a fili ne. Babbar murya ta fi ƙarama cin wuta nesa, don haka in inji ya gaza, bes ce ke fara shaƙewa. Mu kan roƙi masu biki kada a jona firji ko tukunyar lantarki a kan injin da mu ke sha. Doguwar wayar jan wuta a warware ta duka, gama in tana naɗe ta kan yi zafi. Wajen kunnawa, inji tukuna har ya daidaita, sa'an nan miksa, amfilifaya daga ƙarshe. Wajen kashewa a juya, amfilifaya ne farko. Wanda ya saɓa wannan zai ji "ɗum" mai ƙarfi, wata rana kuwa lasifikarsa ce za ta tafi. A kuma ajiye inji nesa da rumfa, a sarari, saboda hayaƙinsa guba ne.

Ita jitar kanta tana jin sauyin lokaci kamar mutum. Da hunturu itacen wuyanta ya kan bushe ya motsa, da damina gumi da danshi su sa tsirkiya tsatsa. Sai a riƙa shafe ta da tsumma bayan kowane wasa, kada a bar ta a rana ko cikin mota a rufe. Cikin aljihun jakar nan da ku ke tambaya kuwa, kullum akwai waya biyu, batir biyu, fis, sukudireba, filaya, tocila, mita, da tsofaffin tsirkiyoyi ko da wata za ta tsinke. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Da muka fita koyon aikin koyarwa, na iske wani yaro a aji huɗu wanda rabawa ta gagare shi. Har na buɗe baki zan ce ba shi da kai, sai na tuna da mai piyano da amfilifayan Nyanya. Na koma baya da shi taki-taki. Tarawa lafiya, ɗebewa lafiya, da muka zo jadawalin sau bakwai sai shiru. Ashe makon da aka koyar da shi yana kwance da zazzaɓi. Muka yi kwana huɗu a kan sau bakwai da sau takwas, rabawa ta zo da kanta.

Wanda ke so ya ga yadda a ke gwajin babban yatsa, ko yadda a ke like waya da dalma, ya same ni a ɗakin taro ran Laraba bayan cin abincin yamma. Ya zo da takalminsa. Allah shi ba mu sa'a, amin.